Ruwan da Murjanatu Ta Tace

Murjanatu ta durƙusa a zauren gidansu da ke Wara, ta miƙa wa Ladan kwanon ruwa. Shekara shida ke nan yana jami'a yana bincike kan yumɓun tace ruwan sha, yau kuma ya zo da maganar aurensu.

Ya karɓa, amma bai kai baki ba. Ya karkata kwanon wajen haske yana leƙa ƙasansa.

"Mi ka gani ciki, Dakta?" ta tambaya a hankali.

"Na gulbi ne ko? Murja, irin ruwan ga ya kashe mini ƙanwa. Ba ni iyawa."

"Na sani, ai ni na yi jinyarta. Tun asuba na jefa alif, na tace shi sau uku da sabon gyalena, duk don kai."

Ya miƙo mata kwanon.

"Gidan ga," ta ce, "wanda ya ƙi ruwanmu ba mu tambayarsa abin da ya kawo shi."

Ta karɓe kwanon, ta shanye shi tas a gabansa, hawayenta na ɗiga ciki, sannan ta shige gida.