Katangar Kwanar Matankari

Rabo gardi ya tsuguna bayan wata sabara da rana tsaka, zufa na bin jar hularsa, yana tsine wa Arnan ƙauye a zuci. Kumandan ya riga ya faɗa masa: ko ya kamo mai rushe katangar nan, ko ya tuɓe kaki ya koma noman gero.

Katanga ce ta dutse da siminti, a bakin kwanar da hanyar Matankari ke gangarowa daga tudu. A da tarin yashi ne a wurin. In mota ta ƙwace, sai ta nutse a ciki, mutane su fito suna kakkaɓe riga suna zagin direba. Kumandan ya ce wannan ƙazanta ce, aka nemo gwanin magini ya tsayar da abin a zo a gani. Bara motar gyaɗa ta dake ta da gudu, katanga ko gezau. Direban dai ko shurawa bai yi ba, amma Kumandan ya zo ya shafa dutsen, ya liƙa wa magini lambar yabo.

To, wannan ce wasu jahilai ke ɓarewa, wai don doguwarsu, aljanar da suke bauta wa, ta samu hanya. Haka Rabo ya yanke. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne rainin wayon: ba a fasa dutse ko ɗaya ba, an zare su layi-layi, an jera a gefe, an cike gurbin da yashi.

Can sai ga wani dattijo da jaki da mangalar yashi. Ya ciro kurfi da guduma, ko lalube bai yi ba, ya sa daidai gaɓar dutse.

Rabo ya yi wuf ya cafke wuyan rigarsa.

"Tsohon banza! Ka san ko mi ka taɓa? Ko jikanka bai iya gina irin wagga katanga!"

Dattijon ya laluba aljihu, ya ciro lambar yabo, ya sa a tafin Rabo.

"Ba ni da jika, samari. Mai da ma Kumandan abinai. Ɗa guda gare ni, Mahamadu, shi ka tuƙin motar gyaɗa."