Sunan Ɗansa a Rajistar Zaɓe

"Maguɗi ne wannan!" in ji mai aski, yana buga tebur da tafin hannu.

Ranar zaɓen magajin gari ce. Awa biyu ya yi a layi kafin ya iso teburin rajista a cikin ajin wata makaranta. Malamar zaɓe na neman sunansa, sai idonsa ya faɗa kan sunan da ke ƙasan nasa. Sunan ɗansa ne, an riga an yi masa alamar ya jefa ƙuri'a.

"Baba, yi haƙuri, zauna tukuna," ta ce.

"Ba inda zan zauna, 'yata! Shekara bakwai yaron nan ba ya garin nan. Faɗa muka yi, na ce ya fita, ya kuwa fita. Ba inda ban neme shi ba. Uwarsa ta rasu tana kiran sunansa. Yanzu kuma wani ɓarawo zai ci zaɓe da sunan?"

Malamar ta duba hoton da ke rajistar, sannan ta ɗago kai.

"Baba, ba wanda ya saci sunansa. Shi ne da kansa. Mutum biyu ne tsakaninku a layi, yanzu ya fita ta ƙofar baya."

Mai aski ya dafa tebur a hankali. Awa biyu cur yana kallon ƙeyar da ya yi shekara ashirin yana askewa, bai gane ta ba.