Laimar da Ba Ta Taɓa Tashi Ba

Shafiek ya kafa tsinin ƙarfen laima a yashi, ya yi ta girgiza shi gaba da baya har ya nutse. Ya sunkuyar da kan laimar wajen da iska ke fitowa, ya ɗaura mata igiya a wuya, ya ɗaure ɗaya bakin a buhun yashi, ya binne buhun. Haka yake wa kowace laimar da yake bayarwa haya a bakin tekun Strandfontein. Iskarmu ta kudu ba ta da mutunci, takan ɗauke tabarma da hula har da kwanon abinci, amma laimar Shafiek ba ta taɓa tashi ba.

Ta yau ba ta haya ba ce. Dangin mijin ƙanwarsa Nadeema ne suka zo yawon sabuwar shekara: mijin nata Riyaaz, da ƙannensa biyu, ƙatta irinsa, da tsohuwarsu Anti Galiema rungume da kankana. Nadeema na biye da su sanye da baƙin tabarau. Da Shafiek ya tambayi abin da ya sami idonta, sai ta ce ƙofa ce ta buge ta. Wace ƙofa! Duk layinsu ana jin yadda ƙofar nan ke bugu.

Tsohuwa ta kau da kai. Ita dama a bakinta ɗanta ba ya laifi. Ta zauna a gindin laima ta ajiye faranti da wuƙa. Ta tallafe kankanar da hannunta mai karkatattun yatsu, wanda shi ma ƙofa ce ta datse shi tun maigidanta na da rai. Ba ta yarda wani ya yanka mata kankana, wai ba su iya ba.

Bayan azahar iska ta ƙara ƙarfi. Yashi ya shiga abincin Riyaaz, shi ke nan laifin Nadeema ya samu. Ya kama wuyan hannunta ya murɗe a gaban jama'a har aka ji ƙas. Ba ta yi ihu ba, ta dai durƙusa tana cizon mayafi. Shafiek ya yi kukan kura ya shaƙe masa wuyan riga.

"Wallahi ka sake taɓa ta, sai na soke ka da ƙarfen nan, ɗan iska."

Kowa ya ji, har mai sayar da askirim. Da ƙyar ƙannen suka ɓamɓare shi. Riyaaz yana dariya yana cewa wai mai hayar laima ne zai koya masa zaman aure.

Can sai Anti Galiema ta fara mitar rana na dukan idonta, a juya mata laimar. Shafiek ya ce idan ya juya ta, bakin laimar zai buɗe wa iska, igiya kaɗai ce za ta riƙe ta.

"To, ba ka yarda da igiyarka ba ne, ɗan nan?"

Ya juya mata. Laimar ta cika da iska, igiyar ta miƙe gefen gwiwar tsohuwa tana kuka. Ita kuma ta ce wa Riyaaz ya je bayan laima ya kwanta ya huce, can babu iska. Ta tura Nadeema ta je ta tsoma hannun a ruwan teku. Riyaaz ya shimfiɗa tawul ya miƙe rigingine, ya rufe fuska da hula.

Iskar da ta zo bayan nan ta kifar da kujeru. Laimar ta tumɓuke kanta daga yashi, ta wuntsila sau ɗaya, tsinin ya sauka a kafaɗar Riyaaz ta dama ya shige har ƙasa. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa ba. Jini ya jiƙe tawul, laimar na karkarwa a jikinsa, hannun nan da yake duka da shi ya saki kamar tsumma.

Ƙannen ba su tsaya tambaya ba. Ɗaya ya rafka wa Shafiek ƙafar kujera a ƙeya, ɗayan ya bi shi da shuri a haƙarƙari. Suna cewa shi ya yi rantsuwa, shi ya juya laima da hannunsa, yau sai sun kashe shi. Haƙorinsa ya faɗi a yashi. Tausayinsa ya kama mu, amma ba wanda ya shiga, don mu ma mun ji rantsuwar.

Shafiek ya ja ciki zuwa inda ya binne buhun. Ya san ƙullinsa bai taɓa kwancewa ba. In ya nuna musu guntun igiyar, za su ga iska ce ta tsinka ta, ƙila su bar shi da rai. Ya laluba ya kamo guntun, ya kai shi kusa da idonsa da ya saura a buɗe.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗaga kai, ya ga Nadeema ta dawo, surukarta ta riƙe mata karyayyen hannun da nata mai karkatattun yatsu. Tsohuwar ba ta ko waiwayi ɗanta ba.

Sai ya tura guntun cikin yashi, ya danne shi da ƙirji.

"Ni ne," ya ce da jini a baki. "Ban ɗaure ta da kyau ba."

Suka ci gaba da dukansa, bai motsa daga kan wurin ba. Igiyar ba tsinkewa ta yi ba. Yankan wuƙa ne sumul, bakinsa ja da danƙo, da ƙwayar kankana guda manne a jiki.