Yatsan Lawali Baduku

Karo na huɗu ke nan Sakina na kwance bandejin Lawali baduku, kuma babban yatsan ƙafarsa na nan suntum yana fitar da mugunya. Wata biyu kacal da turo ta aiki likitar Bazaga, ƙaramin asibitin garin, amma yatsan nan ya hana ta sakat.

Wuƙar yankan fata ce ta faɗo masa. Da farko Sakina ta ba shi amoksisilin, na dangin fenisilin, wanda ke rusa bangon ƙwayar cuta. Bayan mako ya dawo da kwalin fayau, yatsa kuwa ko gezau. Ta koma kotirimokzazol, na dangin salfa. Ya sake dawowa yana ƙamshin sabuwar fata, yana yabon maganin kamar shi ya haɗa shi. Ta ba shi eritiromisin. Shi ma shiru.

Mutum ne mai bin doka, har ya fi ƙarfin misali. Bai taɓa saɓa rana ba, kuma kullum tambayarsa ɗaya, ko na yau ya fi na jiya ƙarfi.

Majo, shugaban likitar, ya leƙa yatsan ya girgiza kai. Ƙwayar cutar da ta gagari dangi uku ba ta wasa ba ce, in ji shi. In na huɗu bai yi ba, ranar Juma'a za a kai Lawali asibitin Konni a yanke yatsan.

Tsoro ya kama Sakina. Ta fito da seftiriyakzon, wanda ba a taɓa shi sai abu ya ci tura.

"Baba, wanga allura ce. Naɗe hannun riga in nemi jijiya."

Fuskarsa ta ɓaci. "Na ruwa na? To ƙaƙa za a aje shi, ɗiyata?"

Ba ta kula ba, ta ja hannun rigar sama da kanta. A damtsensa akwai sababbin layu uku, jajaye, ɗinki tsaf. Da ta taɓa ɗaya sai ta ji ƙwayoyi na kacau-kacau a ciki.

Lawali ya shafa su yana alfahari. "Duk da hannuna na ɗunke su. Magani mai ƙarhi haka, ai ɓanna ce mutum shi haɗiye shi shi ƙare."