Ƙugiyar Maɓallin da Ta Ɓace

"Muna taya ki murna, Dakta Loretta," in ji Farfesa Whitcomb ta cikin kwamfuta.

Na rufe kwamfutar. Shekara uku ke nan, da safe ina asibiti a birnin Toledo ina koya wa masu shanyewar jiki riƙe cokali da saka maɓallin riga, da yamma ina ƙule a ɗaki ina karatun digirin dakta ta intanet. Bincikena a kan yadda iyali ke kasa lura idan hannun tsoho ya fara mutuwa ne. Gida arba'in na shiga. Har faɗa na yi wa wasu: "Kuna gida ɗaya, amma ba ku gani ba?"

Na faɗa ɗakin Baba ko ƙwanƙwasawa ban yi ba.

"Baba, na ci!"

Yana zaune bakin gado, farar rigarsa ta zuwa coci a buɗe. Ya yi sauri zai ɓoye wani abu, abin ya suɓuce ƙasa. Ƙugiyar saka maɓalli ce, irin wadda nake ba majinyata. Tawa ce ma, wadda ta ɓace daga jakata bara har na zargi abokiyar aikina.

Na kamo hannunsa na dama. Yatsun sun ƙandare. Na san irin wannan hannun, lokacin gyaransa ya wuce.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Sau uku na zo ƙofarki, 'yar nan. Kika ce in bari ki gama." Ya yi murmushi. "Kin gama yanzu, Dakta?"