Jan Fenti a Kan Noti

Jan fentin da ke kan notin ne ya fara tsaya wa Zailani a rai. Shekara huɗu yana haɗa ƙaramin jirgin samansa a wata rumfa can bayan Dubai, kuma duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa fenti, don ya gane in ya motsa. Yau, saura kwana ɗaya tashin gwaji, ya tarar da ɗigon da ke kan notin kwantakta, wato makunnin wutar jirgin, a fashe.

Kwantakta ɗin ma ba nasa ba ne. Nasa sabo ne fil, mai ƙyalli, ya sayo shi a kasuwar 'yan China ta International City. Wannan kuwa baƙi ne, kamar tsohon gwangwanin tumatir. Shi ke haɗa batir da duk wayoyin jirgin. In ya saki a sama, famfon mai ya tsaya, inji ya bi shi. Minti ashirin Zailani zai yi a sama gobe.

Makullin rumfar biyu ne. Ɗaya na rataye bayan ƙofar gidansa a Al Nahda, ɗaya na hannun Badaru, abokinsa da ke haɗa nasa jirgin a gefe.

Zargi kuwa ba ya rasa abin ci. Nan take ya tuna ranar da Badaru ya yi ta jujjuya sabon kwantakta ɗin yana cewa, "Iri biyu ne fa, kamar tagwaye. Ɗaya na tayar da inji ne na 'yan daƙiƙu, ɗaya na riƙe wuta duk tafiya. Wanne ka sayo?" Ashe tun lokacin ya sa masa ido.

Zailani mai haɗa magunguna ne, kuma ya ƙi jinin a koya masa aiki. Ko matarsa Najiba, injiniyar lif ɗin hawa bene, da ta tambaye shi ko ya gwada abin, dariya ya yi, ya ce jirgi ba lif ba ne. Ba ta ƙara tankawa ba. Jiya ma da ya farka daga barcin bayan Juma'a, shiru ta zuba masa abinci, da filasta a babban yatsanta.

Da Badaru ya iso, ko sallamarsa Zailani bai amsa ba.

"Ina kayana? So kake in faɗo?"

Badaru ya zare makullinsa ya ajiye a kan fiffike. "Khalas, shi ke nan," ya ce, ya fita. Abotar shekara tara ke nan.

Zailani ya koma gida zuciyarsa na tafasa, da niyyar sayo irin na farko ya mayar kafin magariba. Ma'aunin wutarsa na rumfa, don haka ya buɗe jakar aikin Najiba don ya ari nata ya tafi da shi kasuwa.

A ƙasan jakar ya ga kwantakta ɗinsa, da ragowar ɗigon fentinsa a jiki, gefe guda ya ƙone ƙurmus. An manna masa 'yar takarda da rubutun matarsa: "Na gwada shi da batirin motata. Minti tara ya yi, ya ƙone."