Gawon da Aka Sare da Damina

Alhaji Mamuda, tunda kai ne shugaban ƙungiyar unguwar nan, kai zan faɗa wa. Shekaranjiya ma'aikatanka sun sare gawon bakin kasuwa, kuma na ga sun shafa wa na ƙofar makaranta jan fenti, alamar shi ma gatari na jiransa. Ban zo don a ba ni haƙuri ba. A goge fentin nan yau, kuma a gurbin wanda aka kashe a dasa gawo. Ba darbejiya ba, ba turare ba, gawo. Zauna ka ji wani misali, in ka ga abin musu a ciki ka musa.

A wani gari iska ta taɓa karya reshen wata busasshiyar bishiya, ya faɗa kan rufin wani gida. Sai aka ɗauki wani mutum aka ce ya zaga gari, duk itacen da ya mutu ya yi masa alama a sare. Mutum ne mai himma, ba ya ha'inci a aiki, sai dai a wurinsa itace iri biyu ne kawai a duniya, mai ganye da marar ganye. Ya fito da gwangwanin fentinsa a tsakiyar damina, lokacin da ko tsohuwar katanga ta tsiro da ciyawa. Garin kuwa Allah ya yi masa arzikin itatuwa. Ya bi ta ƙarƙashin tsamiyar masallaci, mai ƙananan ganye da inuwa mai sanyi kamar gindin randa. Ya bi layin maɗatai da kakanni suka jera a hanyar asibiti, jikinsu duk tabo saboda masu neman maganin ciwon ciki sun sha sassaƙar ɓawonsu, amma suna nan tsaye ba su yi fushi ba. Ya wuce ceɗiyar da dattawa ke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, da giginyar da matafiyi ke hangowa tun daga nesa ya san ya iso gida, da bagaruwar bayan majema wadda da 'ya'yanta ake jeme fata. Bai san sunan ko ɗaya ba, bai kuma tambaya ba. Da ya ɗaga kai ya ga kore, sai ya wuce.

A haka ya iso wani fili a mararraba, inda mata ke jiran mota, wani tsohon baduku kuma ke ɗinkin takalma. A gefen filin akwai kuka da rimi, sun cika fam da ganye. A tsakiya kuma ga wani ƙaton itace tsirara, rassansa fari-fari da ƙaya, ko ganye ɗaya babu. Tun wurin yana gona yake nan, gari ne ya zo ya tarar da shi. Mutumin ya tsoma burushi a fenti. Baduku ya ɗago kai ya ce, "Malam, wannan fa gawo ne." Ya ce, "Ko me sunansa, baba, ai kana gani ya mutu. So kake ya faɗo maka a ka?" Da ya sa farce ya ɗan kankare ɓawon, da ya ga ɗanye shar a ciki. Bai yi ba. Washegari masu gatari suka zo. Sara uku suka yi suka ga itacen jiƙe yake, suka dubi juna, amma tunda an riga an yi alama, suka ƙarasa.

Ruwa ya ɗauke, rani ya shiga. Kuka ta zubar da ganyenta kamar yadda ta saba, rimi ma ya bi sahu. Da bazara ta kama, filin nan ya zama kasko. Mata na tsaye da goyo a rana, suna kare kan jarirai da gefen mayafi. Awakin unguwa suka riƙa zagaya kututturen suna shinshina ƙasa, suna neman jajayen 'ya'yan nan masu lanƙwasa da suka saba tsinta duk shekara. Baduku ya kwashe kayansa ya bar wurin da ya yi shekara talatin yana zama. Domin gawo halinsa daban ne da na sauran itatuwa. Da damina, da kowa ke taƙama da ganye, shi sai ya tuɓe nasa, ya zuba wa ƙasa taki, ya bar gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Sai rana ta ƙwalle, ciyawa ta ƙone, sannan ya yi lullumi da ganye, ya ba mutum inuwa, ya ba dabba abinci.

Wata rana a cikin bazarar nan mutumin ya fita bayan gari, zafi ya kusa kayar da shi. Ya hango wani itace kore shar shi kaɗai a cikin busassun gonaki, ya lallaɓa ya zube a gindinsa tare da wasu makiyaya. Da numfashinsa ya dawo, ya dubi sama ya ce, "Kai, wannan wane itace ne mai albarka haka?" Suka ce masa, "Gawo ne."

Da damina kusan kowane itace mai inuwa ne, Alhaji. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.